Clandon Park: amana aka ba ku, ba kango ba

Tun da majalisar yankin Guildford ta amince a 2025 da shirin barin gidan Clandon Park, tsohon gidan tarihi a gundumar Surrey ta Ingila, yadda gobara ta bar shi, abin yake ci mini rai. Ƙungiyar National Trust, wadda aka damƙa wa gidan a 1956 don ta adana wa al'ummar Ingila, ta ce ba za ta maido da yawancin ɗakunansa ba. Rufi za ta yi masa, ta kafa matakala da hanyoyin bi ta sama, baƙi su riƙa leƙen bulo da wuta ta lashe. Wai a haka ne mutane za su ga yadda aka gina shi.

Wannan hujja ba ta shiga kaina. Mai son ganin bulo tsirara ba sai ya je Surrey ba. Abin da ke kai mutane Clandon shi ne babban zaurensa na marmara, mai tsayin bene biyu, a gidan da Giacomo Leoni, magini ɗan birnin Venice, ya tsara wa iyalin Onslow kusan shekara 300 da suka wuce. Silin ɗin zauren aikin filasta ne na gwanayen Italiya, siffofin mutane suna leƙowa daga sama kamar za su sauko. Wutar da ta tashi daga akwatin lantarki a ƙasan gidan ranar 29 ga Afrilun 2015 ta zubo da shi ƙasa. Ma'aikata sun tsince gutsattsarinsa daga cikin toka, an jera, an yi musu lamba. Hotunansa suna nan. Sassaƙen marmara da ke kan murhu, aikin gwanin sassaƙa Rysbrack, bai faɗi ba. To me ya rage, in ba niyya ba?

Kuma National Trust da bakinta ta yi alkawari a 2016 cewa za ta maido da manyan ɗakunan ƙasa. Ta karɓi kuɗin inshora sama da fam miliyan 60. Sai a 2022 ta sauya magana.

Masu goyon bayanta na cewa duk abin da aka sake yi jabu ne. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa kusa da magini yana aiki ba. Mu da muka tashi muna ganin ana sabunta yaɓen gidajen ƙasa bayan damina mun san cewa gini yana rayuwa ne a hannun masu sana'a. In aka daina ba su aiki, sana'ar ke mutuwa, ginin ya bi ta. Ita kanta National Trust ta san haka. Da gidan Uppark ya ƙone a 1989, ta tara masu filasta da kafintoci da masu sassaƙa, wasu suka koyo dabarun da aka kusa mantawa, aka sake buɗe shi a 1995. Fadar Windsor ta ƙone a 1992, aka gama gyaranta a 1997. Faransa ta tayar da cocin Notre-Dame cikin shekara biyar. Wa ya kira su jabu?

Akwai kuma masu cewa dukiyar bayi ce ta gina gidan, don haka ba abin kuka ba ne. Gaskiya ne Elizabeth Knight, matar Thomas Onslow wanda ya sa aka gina gidan, ta gaji gonar bayi a Jamaika, kuma wannan ya shafe ni a matsayina na ɗan Afirka ta Yamma. Shi ya sa ma nake son zauren ya dawo da duk ƙawarsa, a tsayar da ɗalibi a tsakiyarsa a gaya masa gumin waɗanda ya biya kuɗin wannan marmara. Baƙin bango ba zai nuna masa girman abin da aka ci ba.

Ƙungiyar Georgian Group, mai kare tsofaffin gine-gine irin wannan, ta yi daidai da ta ƙi shirin. Ba a ce a maido da kowane ɗaki ba. A fara da zauren marmara, a ɗauki matasa su koyi aikin a gefen gwanayen da suka rage, tun waɗanda suka yi aikin Uppark suna da ƙarfin riƙe cokalin gini.