Yadda Aka Tsige Ni Daga Muƙamin Ma'aji a Atens

Mu huɗu ne, duk ɗalibai a Debretsen ta ƙasar Hungari: ni, da Dogo, da Ustaz, da wanda muke kira Furofesa saboda ba a taɓa tayar da maganar da ya ce bai sani ba. Katin zamanmu na Hungari yana shigar da mu ƙasashen Shengen ba tare da wata biza ba, Girka kuwa tana ciki. Furofesa ne ya ce abin kunya ne mutum ya gama karatu a Turai bai taka Atens, garin Sokiratis, ba. Aka yi karo-karo, aka damƙa mini kuɗin, don duk cikinmu ni kaɗai ne ban taɓa neman rance kafin ƙarshen wata ba.

Na zauna na yi bincike irin na mai tsoron Allah da tsoron talauci. A lokacin tikitin hawa Akrofolis, dutsen da tsofaffin haikalan Atens suke kai, yuro 20 ne da bazara, rabin haka da hunturu (tun 2025 ya koma 30, Allah ya jiƙan na baya). Sai na gano cewa daga Nuwamba zuwa Maris, ranar Lahadin farko ta kowane wata, gwamnatin Girka tana buɗe wuraren tarihinta kyauta. Nan take na zana tsari: mu sauka Asabar da dare, Lahadi mu ga duk abin da Girkawa suka gina tun daga farko har ƙarshe, ba tare da sisi ya fita ba. Har yau ina nan a kan bakana cewa tsarin ba shi da aibi.

Jirgin da na samo mai araha ne, irin wanda kujera kawai ka saya, jaka kuwa sai 'yar ƙaramar da za ta shige ƙarƙashinta. Don haka kayan sawarmu a jikinmu muka ɗauke su. Dogo ya saka wando biyu da riga uku da jibgegiyar rigar sanyi, yana tafiya hannuwa a buɗe. Ni kuma na cika jakata da guzuri: garin kwaki, sukari, madarar gari da ƙuli-ƙuli. A wurin bincike wani jami'i ya ɗaga ledar garin yana kallona, ina kallonsa. Farin gari, a leda, a jakar baƙin saurayi mai gumi cikin sanyi. Sai da Furofesa ya yi masa lacca a kan rogo tun daga shuka har suya, mutumin ya gaji ya ce mu wuce.

Masaukin da na kama a kusa da dandalin Omoniya ba zan ce komai a kansa ba, sai dai gadajen masu hawa-hawa ne, kuma akwai wani bawan Allah a saman Ustaz da minsharinsa ya tashe mu sallar asuba ba tare da agogo ba.

Da sassafe muka hango Akrofolis a kan dutsenta, fara tas, Dogo har da kabbara. Hangen Dala dai ba shiga birni ba. Ashe duk wani mai ƙaramin ƙarfi da ke Turai ya yi irin binciken da na yi. Layi ya miƙe ya lanƙwasa, ga 'yan garin da 'ya'yansu da kakanninsu, ga mu da koulouri a hannu, wato wani burodi mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi, wanda na yanke hukuncin shi ne karin kumallo saboda bai kai yuro ɗaya ba.

Ustaz tun a hanya yake ƙunƙuni, wai shi bai ga dalilin da zai sa Musulmi ya hau dutse don kallon ɗakin gumaka ba. Da muka isa gaban Fartenon sai Furofesa ya gyara murya. Ya ce an fara ginin a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Ferikilis, don gunkiyarsu Atina. Daga baya aka mai da shi coci. Da Turkawan Daular Usmaniyya suka ci garin a ƙarni na 15 kuma suka mai da shi masallaci, har da hasumiya.

Ustaz ya tsaya cak. "Masallaci ka ce, Malam?"

"Masallaci."

"To ai sai ku ce ziyara muka zo!" Ya gyara hula ya ce a ɗauke shi hoto.

Murnarsa ba ta daɗe ba. Furofesa ya ci gaba da cewa a 1687 sojojin Benis ƙarƙashin Morosini suka kewaye dutsen, Turkawa kuwa sun tara albarushinsu a cikin ginin, harsashin igwa ya faɗa, tsakiyar ginin ta tashi sama. Ginin da ya yi shekara dubu biyu a tsaye. Ustaz ya yi salati ya ce, "Wane mara tunanin ne ya ajiye albarushi a masallaci?" Ya yi ta faɗa da mutanen da suka mutu shekara ɗari uku da suka wuce, har wasu 'yan Japan suka matsa gefe.

Shi kuwa Dogo hoto ya kawo shi. Ya tsallaka igiya da ƙafa ɗaya, ya ɗora tafin hannu a kan wani dutsen marmara, ya ɗaga haɓa. Sai ƙarar usur. Wata mai gadi, 'yar gajeruwa da tabarau, ta nufo shi tana busawa ba ƙaƙƙautawa. A can taɓa dutsen laifi ne, ɗaukar ko tsakuwa kuwa maganar 'yan sanda ce. Na faɗi haka da ƙarfi don na ga Ustaz yana lallaɓa aljihu. A hankali ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, tsarabar Hajiyarsa ta koma inda ya same ta.

Ba a cin abinci a saman, don haka na ja su zuwa Ariyofagus, wani dutse da ke gab da ƙofar fita, inda majalisar shari'ar garin take zama a da, inda kuma Bulus ya yi wa mutanen Atens wa'azi. Hawansa kyauta ne kullum, shi ya sa na ƙaunace shi. An yi matakalar ƙarfe a gefe, amma akwai tsohuwar da aka sassaƙa a jikin dutsen, ni kuma na ce ba zan zo Girka in taka ƙarfe ba. Ƙafafun mutane na dubban shekaru sun goge dutsen nan ya yi sulɓi, ga yayyafin da aka kwana ana yi. Na ɗaga ledar gari sama ina cewa, "Jama'a, ga abincin rana," sai ƙafafuna suka riga ni gaba.

Zaman da na yi ba na shiri ba ne. Leda ta fashe, iska ta ɗauki garin ta watsa mini a fuska da gashi, saura ya bi gangare. Kafin in gama tantance ko ƙashin bayana yana nan, tantabarun Atens sun sauka. Wata tsohuwa Bagirkiya ta kama hannuna tana ta magana da yarensu, Dogo kuwa, wanda na biya wa kuɗin jirgi da hannuna, bidiyo yake ɗauka. Ustaz ya dubi tantabarun ya ce, "Garin banza a farau-farau ɗin banza yake ƙarewa." Na tuna masa cewa garin nan da kuɗi na saye shi a shagon 'yan Afirka, kuma da tsada.

Da ɗingishi na shiga Agora, tsohuwar kasuwa kuma dandalin siyasar garin. A gidan tarihin da ke cikin dogon zauren Atalos, wanda Amurkawa suka sake ginawa a shekarun 1950, akwai wani akwatin gilashi cike da sakainun tukwane, kowanne da suna a jiki. Furofesa ya ce da su ake zaɓen kora. Sau ɗaya a shekara mutanen gari za su iya taruwa, kowa ya karce sunan wanda ya ishe shi, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya tattara ya bar garin shekara goma, ba tare da an taɓa dukiyarsa ba. Har Temistokilis, wanda ya jagorance su suka karya jiragen Farisa a Salamis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, sai da suka kore shi. An ma tono sakainu wajen 190 a wata rijiya, duk da sunansa, masana suka duba suka ga hannun mutum 14 ne kawai ya rubuta su. Wato maguɗi ya girmi kakan kakan kowa. Na lura su ukun sun daɗe a gaban akwatin nan suna kallon juna, amma na ɗauka son ilimi ne.

A dandalin Monastiraki Ustaz ya hango ƙubba ya ce Alhamdulillahi, ga wurin azahar. Masallacin Tsistarakis ne, na 1759, amma rabonsa da jam'i tun Turkawa na garin; yanzu ma'aikatar al'adu ke riƙe da shi. Masallacin da hukuma ta amince da shi a Atens sai a 2020 aka buɗe shi, can unguwar Botanikos. Muka raɓa wani lungu muka yi sallarmu a kan rigar sanyin Dogo. Ƙanshin nama kuma ya cika dandalin, ana yanka shi daga jikin ƙarfe mai juyawa ana naɗewa a burodi, giros suke ce masa. Dogo ya riga ya miƙa hannu Ustaz ya tambayi naman mene ne. Alade. Ban taɓa jin daɗin wata fatawa kamar wannan ba. Na sayo koulouri.

Babban gidan tarihi na ƙasa yana can titin Fatisiyon, kuma jirgin ƙasa yana zuwa kusa, amma na lissafa kuɗin tikiti huɗu na ce ƙafa ta fi lafiya. Muka isa ana shirin tashi, don da hunturu da wuri suke rufewa. A guje muka wuce fuskar zinariyar da Schliemann ya tono a Maisini a 1876, muka leƙa na'urar Antikitera, wasu tsatsattsun haƙoran tagulla da aka tsamo daga jirgin da ya nutse, waɗanda ake lissafin tafiyar rana da wata da su. Furofesa ya so ya yi bayani, na ja shi.

Ina tsaye ina haki sai wayata ta yi ƙara. Umma ce, kiran bidiyo, kuma ba a ƙin ɗaukar kiran Umma. Na gaishe ta, ta amsa, sai na ga ta matso da fuskarta.

"Wane ne wannan a bayanka?"

Na waiga. Mutum-mutumin tagullar nan ne da aka tsamo daga teku a Artemisiyon, tsawonsa ya haura mita biyu, ya ware ƙafafu ya miƙa hannu zai yi jifa. Masana har yau suna gardama ko Zeyus ne ko Fosaidon. Abin da ba a gardama a kai shi ne ko ɗan kamfai babu a jikinsa.

"Umma, tarihi ne."

"Tarihin ne ba shi da wando? Kai kuma mene ne wannan fari a gashinka? Bari in kira Alhaji."

Na ce intanet ɗin yana yankewa, na kashe da hannuna.

Haikalin Zeyus ta bayan shinge muka gan shi, an riga an rufe. An fara shi a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, sai zamanin sarkin Rum Hadiriyan aka gama, bayan fiye da shekara 600. Ginshiƙai 104 ne, saura 15 a tsaye da guda a kwance wanda guguwa ta kayar a 1852. Na ce daga yau na daina zagin 'yan kwangilar garinmu, ashe sunna suke bi. Babu wanda ya yi dariya. Yunwa ta fara aiki.

Saura gidan tarihin Akrofolis, sabon da aka buɗe a 2009, shi kuwa yana kaiwa dare. Muka isa ƙofa na ce wa mai tikiti mu huɗu ne, na kyauta. Ta yi murmushi ta ce su hukumarsu daban, Lahadin farko ba ta shafe su ba. Na juyo na nuna wa mutanena cewa a farfajiyar ma akwai daɓen gilashi, ana hango kufan tsohuwar unguwa a ƙasa, kuma kallonsa ba ko sisi. Mene ne a ciki da ya fi wannan?

Dogo bai ce komai ba. Ya yayyaga takardar da aka naɗo koulouri, ya raba, Furofesa ya ba da biro, Ustaz ya cire hularsa aka jefa. Mu huɗu ne, ƙuri'a biyar aka ƙirga. Huɗu da sunana, kuma duk da irin karkataccen rubutun Dogo. Na ɗaga murya na ce maguɗi ne, Furofesa ya ce ai bisa al'adar garin aka yi.

Sabon ma'aji ya biya tikiti muka shiga. Gaskiya 'yan matan dutsen nan da suka ɗauki rufin barandar haikalin Erekteyon a ka sun cancanci kallo, har kitson bayansu an sassaƙa. Biyar ne a tsaye, an bar gurbin ta shida, wadda Lord Elgin ya kwashe a farkon ƙarni na 19, tana Landan har yau Girkawa suna bin bashi. Na tsaya kusa da gurbin, don a lokacin ni kaɗai na san zafin a raba mutum da wurinsa.

Daga nan Dogo ya kai mu unguwar Filaka ya yi odar gasasshen kifi, da salak mai cuku, da dankali, har da kayan zaƙi. Na ci, ban fasa ba, amma ina ci ina lissafi. Da aka kawo takardar kuɗi sai ga shi kuɗin masaukin daren ya tafi cikin kifi. Muka kwaso jakunkuna muka hau bas X95 daga dandalin Sintagma, muka kwana a kan kujerun filin jirgi, masu hannun ƙarfe a tsakani don kada wani ya miƙe.

Da muka koma Debretsen na rubuta ƙorafi mai shafi guda, da hujjoji da lissafi, na tura rukuninmu na WhatsApp ina neman a soke zaɓen. Dogo ya amsa da bidiyon tantabaru, sannan ya cire ni daga rukunin.