Waɗanda Ke Kewaye da Kai, Me Ka Rage Musu?

Daren jiya da aka ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, ƙanena mai karatun kimiyya ya nuna min farin ratsin nan da ya keta sama. Ya ce, "Yaya, garken taurarin da ranarmu take ciki ke nan, taurarinsa sun haura biliyan 100." Ya ce akwai ƙananan garkuna fiye da 50 da ke kewaya shi. Mafi girmansu, babban Gajimaren Majelan, haskensa sai ya yi tafiyar shekara wajen 160,000 kafin ya iso mana. Subhanallah.

Amma labarin ɗaya daga cikin ƙananan garkunan, mai suna Sagittarius, wanda aka gano a 1994, shi ya hana ni barci. Duk sanda ya matso kusa, ƙarfin jan babban garken sai ya yage masa taurari, har sun zama dogon zare a bayansa. Yana kewayawa, yana ƙarewa.

Wallahi gabana ya faɗi. Yaron shagona na tuna. Shi ke buɗewa da sassafe, shi ke rufewa bayan isha'i, silifas ɗinsa ɗaure da waya. Kuɗinsa na watan jiya har yau yana hannuna, wai sai kasuwa ta buɗe, alhali a makon nan na ɗinka sabuwar shadda. Astagfirullah.

'Yan uwa, mu ji tsoron Allah. Hajiya, yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye, ta zo da ƙuruciyarta, ita ke riga kowa tashi, ita ke cin ƙanzo. Da me za ta koma gida? Alhaji, mai gadinka wata nawa yake binka? Almajirin da ke yi mana wanki da ɗebo ruwa, sauran tuwon jiya ne kaɗai ladansa? Kai kuma babban wa, gonar marayun da ka ce kana riƙe musu, ina amfaninta yake zuwa?

Taurari ba su da hisabi, umarnin Mahaliccinsu suke bi. Mu kuwa za a tsayar da mu, kuma wanda bai iya ɗaga ido ya kalle mu ba yau, ranar bakinsa zai buɗe.

Ni dai da na dawo daga sallar asuba na kira yaron na biya shi, na nemi gafararsa. Don Allah kai ma ka biya yau. Kada ka bari sai gobe, don Allah.