Darasin da Mali ta bai wa Najeriya a ƙwallon kwando, da abin da ya shafi Kebbi

A shekarar 2027 ƙasar Qatar za ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon kwando ta maza, wadda FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ke shiryawa, kuma duk mai kishin wannan wasa a Najeriya yana da dalilin fargaba. A gasar 2023 da aka yi a Filifin da Japan da Indonesiya, wadda Jamus ta lashe bayan ta doke Sabiya da maki 83 da 77, ƙasashe biyar ne suka wakilci Afirka: Angola da Masar da Kodebuwa da Kef Bad da Sudan ta Kudu. Babu Najeriya a cikinsu, alhali shekara biyu kacal kafin nan, a watan Yulin 2021, 'yan wasan D'Tigers, wato tawagar maza ta Najeriya, sun kayar da Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas.

Wannan koma-baya bai faɗo daga sama ba. Rikicin shugabanci ya daɗe yana cin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, har ta kai a watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga dukkan gasannin ƙasa da ƙasa na tsawon shekara biyu. An soke matakin bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya riga ya gama, domin 'yan wasanmu mata sun rasa gurbinsu a gasar duniya ta wannan shekarar, aka miƙa shi ga Mali.

Sai dai ni a ganina akwai ciwon da ya fi rikicin kujera zurfi. Tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, bayan ta doke Angola da maki 74 da 65, da wadda ta kunyata Amurka, galibin 'yan wasansu a ƙasashen waje aka haife su ko aka horar da su. Ba na raina gudummawarsu ko kaɗan, 'ya'yanmu ne, kuma sun fitar da mu kunya. Amma wanda ya dogara da hatsin aro ba shi da tabbacin tuwon gobe, domin duk ranar da ƙungiyoyinsu suka hana su zuwa, ko aka gaza biyan su alawus, sai a wayi gari babu tawagar kirki.

Mali ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi dacewa mu duba a nan Kebbi, tunda yanayinmu da nata ɗaya ne, ga zafin rana, ga ƙarancin kuɗi, ga kuma matsalar tsaro. Ta mayar da hankali kan yara. A 2019 matasanta 'yan ƙasa da shekara 19 sun kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Girka, inda Amurka ta doke su. Bayan shekara shida, wasu daga cikin waɗannan yaran, irin su Siriman Kanouté da Oumar Ballo, sun kai ƙasarsu wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2025. Angola ta doke su a gidanta, amma Mali ta koma gida da tawagar da ta girma tare, wadda za ta ci moriyarta shekaru masu zuwa.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta sha lashe gasar ƙasa, kuma Masai Ujiri, wanda ke shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, a Zariya ya tashi ya koyi wasan. Hakeem Olajuwon kuwa, ɗan Legas da ya yi fice a NBA, sai da ya kai shekara 15 kafin ya fara, bayan ya yi tsaron raga da ƙwallon hannu. Duk wanda ya shiga kasuwar Jega ko ta Kamba, ko ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, ya ga samari dogaye masu ƙira waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, saboda babu wanda ya taɓa miƙa musu ita.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba. Filin wasan mita 28 ne a tsawo, mita 15 a faɗi, sai daɓen siminti da turaku biyu, sai kwandon da ke rataye a tsayin mita 3.05, kuma ba ya neman ciyawa balle ban-ruwa. Idan ma'aikatar ilimi da ta wasanni suka haɗa kai suka samar da irin wannan fili a manyan makarantun sakandare na masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, aka tura malaman motsa jiki kwas na horarwa, sannan aka shirya gasar makarantu duk shekara a Birnin Kebbi, to masu farautar 'yan wasa daga Kano da Zariya za su samu dalilin zuwa su duba yaranmu. Ya kamata 'yan majalisar dokokin jiha su nemi a sanya kuɗin wannan aiki a kasafin shekara mai zuwa, su kuma bibiyi yadda aka kashe shi.