Kuɗin alheri a birnin baƙi: a bi ta hannun mai masauki

Amurkawa suna bayarwa, wannan babu musu. A shekarar 2023 kaɗai abin da suka fitar na taimako ya haura dala biliyan 500, kuma wani kaso yana shigowa birane irin New York, inda masu bincike suka ƙirga harsuna sama da 700. Amma daga nan Bronx, yankin New York da nake zaune, cikin 'yan zangon Gana da 'yan Nijar da 'yan Gambiya da Fulanin Gini, abin da nake gani shi ne kuɗin ya fi sauka a hannun wanda ya iya rubuta Turanci, ba wanda ya san inda ciwon yake ba.

Tsarinsu yana da abin yabo. A 1914 aka kafa gidauniyar al'umma ta farko a Cleveland, New York ta kafa tata a 1924. Mutum zai bar dukiya, a juya ta, a riƙa kashe ribar a kan mutanen gari, uwar kuɗin kuma tana nan. Andrew Carnegie, wanda shi ma baƙo ne da ya zo daga Scotland yana yaro, ya ba New York dala miliyan 5.2 a 1901 don a gina ɗakunan karatu 65, da sharaɗin hukumar birni ta ba da fili ta kuma ɗauki nauyin gudanar da su. Yau da yawansu suna aiki, kuma a ɗakunan karatun birnin ne matanmu da dattawanmu suke koyon Turanci kyauta. Mai kuɗin ya mutu tun 1919, alherinsa bai bi shi kabari ba.

A gida ba haka muka saba ba. Attajirinmu yana fitar da zakka, ya raba shinkafa da azumi, ya ba da kujerar Makka, ya gina masallaci. Duk alheri ne, Allah ya saka. Sai dai ranar da ya rasu aka raba gado, ƙofar gidan da ake yin layi sai ta yi tsit. Abin yana yi mini ciwo, domin wakafi, wato dukiyar da ake bar wa jama'a su riƙa amfana da ita har abada, namu ne tun fil'azal. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, kowane ɗalibin ilimi ya san wannan. Mun riƙe karatun, wasu sun riƙe aikin.

Amma akwai inda muka sha gabansu nesa ba kusa ba, wato karɓar baƙo. Duk wanda ya san zangon Kumasi ko Nima ta Akara ko Sabo ta Ibadan ya san mai masauki. Shi ne zai ba fatake wurin kwana, ya ajiye musu kaya, ya yi musu tafinta a gaban mutanen gari, ya tsaya musu idan za su karɓi bashi, in ajali ya zo ya yi musu sutura. Bai tambayi takarda ba. Ya san harshenka, ya san wanda ya san mahaifinka, shi ke nan.

Wannan ɗabi'a ta tsallako teku tare da mu. Ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Waɗanda suka tsaya tsakanin iyalan da jami'an gwamnati, suna fassara cikin Soninke da Mandinka, matasan unguwa ne da limamai. Wata ƙaramar ƙungiyar matasan Gambiya ta buɗe asusun neman taimako a intanet, aka tara sama da dala miliyan ɗaya. Mutane sun ba su ne don sun yarda da su.

Haka kuma daga 2022, lokacin da masu neman mafaka sama da dubu 200 suka kwararo birnin, cikinsu har da samari daga Senegal da Gini da Muritaniya. Da yawa a masallatai suka kwana, a kan dardumar sallah, masallatan da da ƙyar suke biyan kuɗin haya da na wuta. Dokar birnin ta 2017 ta wajabta wa ma'aikatu fassara muhimman takardu zuwa harsuna goma. Akwai Larabci da Faransanci, amma babu Wolof, babu Fulatanci, babu Hausa. An ɗauka duk wanda ya fito daga Dakar ko Yamai yana karanta Faransanci, alhali tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ina za ta amfana da wannan takarda? A watan Afrilun 2024 ɗaruruwan baƙi 'yan Afirka suka taru a gaban majalisar birni, kuma rashin tafinta yana cikin manyan kokensu.

To me ya hana gidauniyoyi zuba kuɗi a waɗannan wurare? Sharuɗɗa. Sai kana da rajistar ƙungiyar da ba ta neman riba, da kwamitin amintattu, da rahoton binciken kuɗi, da wanda zai zauna ya rubuta doguwar takardar neman tallafi cikin irin Turancin da suke so. Babbar ƙungiya mai ofis a Manhattan tana da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Ita za ta karɓi kuɗin, sannan ta kira limamin unguwa ta ce ya taimaka ya tara mata mutane, ya kuma yi fassara a kyauta. Shi kuwa limamin direban tasi ne ko mai gadi, ya bar aikin da yake ci da iyalinsa ya zo. Wannan ba adalci ba ne.

Ana samun sauyi, ban musanta ba. Ƙungiyar African Communities Together, wadda aka kafa a 2013, ta daɗe tana fafutukar a samar da tafintocin harsunan Afirka kuma a biya su haƙƙinsu. Irin wannan nake so gidauniyoyi su ƙara wa ƙarfi. Su ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi na shekara uku ko biyar, ba na wata shida ba. Su biya kuɗin akanta maimakon su kori ƙungiya don ba ta da shi. Su zo unguwa su saurari mutane cikin harshensu kafin su tsara abin da za su yi musu.

Mu ma da namu laifin. Muna iya tara dubban daloli cikin dare ɗaya don a kai gawa gida ko a yi walimar suna, amma kaɗan ne cikin ƙungiyoyinmu suke da rajista da littafin shige da ficen kuɗi da kowa zai iya dubawa. Kowace ƙabila da nata taron, wani lokaci ma kowane gari. Mai bayarwa ba zai damƙa amana inda babu lissafi ba, kuma yana da gaskiya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun karanci lissafin kuɗi da shari'a, suna jin Hausa suna jin Turanci, amma dattawa ba su cika sakar musu ragamar ƙungiya ba. A ba su sakatare da ma'aji, a yi rajista, a ware ko da kashi ɗaya cikin goma na abin da ake tarawa ranar Juma'a a asusun wakafi da ba a taɓa uwar kuɗinsa. Daga ribar a fara ɗaukar tafinta guda mai albashi, wanda zai raka marar lafiya asibiti ya kuma tsaya wa sabon zuwa a kotun shige da fice.