Ɗiyar ga karatu taka yi ko wargi?

'Yata ta cika mako biyu da shiga makaranta a nan birnin Lids na Ingila, sai malamarsu ta turo mana hoto a waya. Ga yarinya tsugune gaban wata kwatarniyar roba cike da yashi, hannu dumu-dumu, tana ɗura yashin cikin gwangwani da cokali. Ni da zumuɗi na tura wa Inna a Sakkwato. Ba a yi minti goma ba sai ga saƙon murya: "Ke, ɗiyar ga karatu taka yi ko wargi? In wargi na, ku maido min ita, yashi bai ƙare ba Mabera."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min a rai, don ni ma tunanin da nake yi ke nan, kunyar faɗa ce kawai ta hana ni. Sunan yarinyar ba zai fito a bakina ba, kun san 'yar fari ce, duk zaman Ingila bai cire min wannan ba.

A Ingila yaro yana shiga makaranta a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Shekarar farko ta share fage ce, kuma tun 2008 gwamnati ta shimfiɗa tsarin da ya ce yawancin koyon wannan shekara ta hanyar wasa za a yi shi. In ka shiga ajin ba za ka ga layin benci yana fuskantar allo ba. Wani lungu yashi, wani ruwa da mazurari da kofuna, wani lungu an yi shi kamar kanti da kuɗin roba da sikeli, can kuma 'yan katakai na gini. Ƙofar baya a buɗe take zuwa fili, inda akwai wani wuri da suke kira kicin ɗin taɓo, wato tsofaffin tukwane da ludayi da laka. Tuwon ƙasa dai, Inna, tuwon ƙasa sak, sai dai nasu da rigar ruwa da takalmin roba ake yi. Sau biyu ko uku a rana ake tara su a kan darduma na ɗan lokaci, a koya musu sautin baƙaƙe ko ƙidaya, sannan a sake su.

Da ranar ganawa da iyaye ta zo, na tafi da tambayar Inna a bakina, na dai sassauta ta. Malamar ba ta yi gardama da ni ba. Littafi ta buɗe, ta nuna min abin da ta rubuta ranar hoton nan. Ashe gwangwani biyu ta ajiye wa yarinyar, ɗaya dogo siriri, ɗaya gajere mai faɗi, ta tambaye ta wanne zai fi ci. Yarinya ta ce dogon. Ta ce to gwada. Ta ƙirga cokali goma sha biyu a wannan, ta ƙirga goma sha biyu a wancan, ta tsaya tana kallonsu, ta zubar ta sake. Sau uku ta yi kafin ta yarda. Malamar ta ce min tana iya gaya mata amsar cikin daƙiƙa biyar, amma da an tashi za ta manta. Ta kuma nuna min dalilin kwaɓaɓɓiyar fulawar da suke murzawa da ƙananan duwatsun ado da suke tsinta da hantsaki: yatsun yaro ɗan shekara huɗu ba su yi ƙwarin riƙe fensir na dogon lokaci ba, sai an ƙarfafa su tukuna.

A hanyar komawa gida abin ya faɗo min. Carafke. Mu da muka taso a Sakkwato, wace yarinya ce ba ta yi carafke har gwiwarta ta yi kanta ba? Ki cilla dutse sama, ki kwashi na ƙasa ɗaya-ɗaya kafin ya faɗo, sannan biyu-biyu, sannan uku-uku, idonki a sama, hannunki a ƙasa, ƙwaƙwalwarki tana lissafin saura nawa. Yatsun da Baturiya take sayen hantsaki don ta ƙarfafa, mu da tsakuwar ƙofar gida muka ƙarfafa namu, har da ƙidaya da rabawa a kan kari. Yayyenmu maza suna haƙa ramuka talatin a ƙasa su buga dara, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, mai neman jera uku dole ya hango abin da abokinsa zai yi kafin ya yi. Motar kara kuwa, wanda bai auna ba tayarsa ba za ta juya ba. Gaɗa ta koya mana hadda da amo da jiran layi. Kacici-kacici da tatsuniyar dare suka buɗe mana baki. Babu wanda ya kira wannan karatu, shi ya sa da muka shiga aji ɗaya aka ce mu bar shi a bakin ƙofa tare da takalmanmu.

Hutun bara na je gida. Ɗan ƙanena yana da shekara uku da rabi, yana wata makarantar kuɗi a cikin gari, jakarsa ta kusa rinjayarsa. Uban, da alfahari, ya ce ya yi min ƙidaya. Yaro ya miƙe, ya haɗe hannu a baya, ya zubo daga ɗaya har ɗari da Turanci ba numfashi, ya ɗora da jihohi 36 da manyan biranensu. Kowa ya tafa, ni ma na tafa. Can anjima na ce, "Baba, je ka ɗebo min dabino bakwai a faranti." Ya dawo da cikin hannu. Na ce mu ƙirga tare, sai bakin ya riga yatsan, yana kan dabino na huɗu baki ya kai tara. Ba laifinsa ba ne, kuma ba daƙiƙi ba ne. An koya masa waƙar lamba, ba a taɓa ba shi abu bakwai a hannu ba. Da yamma kuma na ga uwarsa ta kama hannunsa tana jan fensir, ana cika aikin gida shafi biyu, shi yana kuka ita tana tsaki. Aikin uwar ne malama za ta duba gobe ta sa maki, kuma su biyun sun sani.

A layin nan kuma akwai yarinyar da ke kawo ƙuli-ƙuli, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Ka ba ta naira ɗari biyar ka ɗauki na ɗari da hamsin, kafin ka rufe baki ta miƙo canji daidai. Uwarta ta ce min a makaranta ita ce ta kusa da ƙarshe a lissafi. Ba yabon talla nake yi ba, Allah ya kiyaye, wurin yarinyar nan aji ne. Abin da ke ci min rai shi ne ta shigo aji da lissafi a kanta, sai aka rubuta mata shi a allo da harshen da ba ta ji, aka ce ta maimaita, ba wanda ya ce mata ai abin nan da kike yi da canji shi ne wannan.

Abin mamaki, a takarda mun riga mun yarda da duk wannan. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ce a matakin share fagen firamare wasa ne babbar hanyar koyarwa, ta kuma taɓa cewa a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ma a Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1999. Kuma ba sai mun je aro wurin Froebel na Jamus ko Montessori ta Italiya ba, masanan koyar da ƙananan yara waɗanda sunansu ke cika allunan makarantun kuɗi ko da babu komai nasu a ciki. Nana Asma'u da waƙa ta ilimantar da matan karkara, jajinta, wato matan da take turawa koyarwa, suna ɗaukar baitoci a ka su kai ƙauye, don ta san abin da aka rera shi ke zama. Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, waƙa ya tsara da Hausa don koya wa ɗalibai labarin ƙasar Nijeriya. Malamin allo ma da ake ganin bulala kawai ya sani, shi ya ba baƙaƙe sunaye masu hoto, am baki wofi, ha kuri, don yaro ya ga siffar ya kama, kuma almajiri da hannunsa yake fiƙe alƙalami, ya dafa tawada, ya wanke allo.

Yayata malamar aji biyu ce a wata firamaren gwamnati, ta yi NCE ɗinta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Na zauna ina zuba mata wannan bayani, ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Ƙanwata, yara nawa ne a ajin ɗiyarki?" Na ce ashirin da takwas, da malama da mataimakiya. Ta ce, "Nawa sun haura tamanin, ni kaɗai. Zo ki ba yara tamanin yashi ki gani."

Ba ni da amsa, kuma har yau ba ni da cikakkiya. A Ingila doka ce ta hana ajin ƙananan yara ya wuce talatin ga malami ɗaya, kuma tun 2014 ana ba duk yaran shekaru ukun farko abincin rana kyauta. Yayata tana da yaran da suke zuwa ba karin kumallo, a ɗakin da rufin kwano ke tafasa tun ƙarfe goma sha ɗaya a watan Afrilu. Wasan da malamar 'yata take yi ba sakin yara ba ne, kallo ne: tana lura da kowane yaro, ta san wanda ya gane da wanda bai gane ba, ta jefa tambaya a daidai lokacin. Wannan ba ya yiwuwa da yara tamanin. Maimaita bayan malama da bulala a kan tebur, a irin wannan aji, dabarar tsira ce. Duk wanda zai zagi malaman firamarenmu ya fara shiga ajin ya yi awa ɗaya.

Sai dai ita da kanta, da muka ci gaba da hira, ta ce akwai abin da take yi in ta samu sarari. Ta sa kowane yaro ya tara marfin kwalba ashirin a leda. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, takan fitar da su ƙarƙashin dogon yaro, ta kasa su goma-goma, ta ɗora masu wayo a kan kowane rukuni, a yi kasuwa: wannan mai tumatir, wannan mai saye, marfi shi ne kuɗi. Ta ce ranar da aka yi haka, kashegari lissafin allo ba ya ba ta wahala. Na ce to me ya hana ki yi kullum? Ta ce in mai duba makarantu ya shigo ya tarar da yara a waje suna hayaniya, littafin darasi zai tambaya, kuma iyaye ma sun taɓa kawo ƙara cewa an mayar musu da 'ya'ya 'yan kasuwa.

Nan ne nake ganin laifinmu, mu iyaye. Mai makarantar kuɗi ɗan kasuwa ne, abin da muke saye shi yake kasawa. Mun biya kuɗin zango, muna son mu ga littafi ya cika da jan biro, muna son yaro ya yi wa baƙi Turanci a falo. Wadda ta dawo mana da yaro da laka a riga, zango mai zuwa mun canza makaranta. Ni ma da a gida nake, na san da haka zan yi.

Kada kuma a ɗauka Ingila aljanna ce. Shekara huɗu ta yi ƙanƙanta da wuni a makaranta daga kusan tara na safe zuwa bayan uku, Turawan da kansu suna ta wannan muhawara, suna nuni da Finlan inda sai yaro ya kai bakwai yake shiga aji ɗaya. Da an gama shekarar share fage kuma yashi da ruwa sukan fara janyewa, tebur ya dawo, don a ƙarshen aji ɗaya akwai gwajin karatu na kalmomi 40 da aka fara a 2012, rabinsu ma kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a ga ko yaro ya iya haɗa sauti. Sannan akwai abin da ba su cika faɗa ba. Sun shigo da wasa aji ne har da dalilin cewa a waje ya mutu. A layinmu na Lids ban taɓa ganin yara goma sun taru da kansu suna wani abu ba. Lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi, kowa yana ɗaki da na'ura a hannu, in yaro zai je wurin abokinsa sai iyaye sun sa rana kamar ɗaurin aure. Mu har yanzu muna da dandali, muna da yayye da ke jan ƙanne, ko da yake a sababbin unguwanni masu dogayen katangu da get na ga alamar mu ma mun kama hanyar. Yaran ƙanena ba su san langa ba. Sun san duk wani zanen barkwanci na cikin waya.

Kafin mu baro Sakkwato, Inna, wadda ta ce a maido mata jika, ita ce ta zaunar da yarinyar a tsakar gida ta koya mata carafke, kwana uku suna abu ɗaya. Muka dawo da tsakuwa a aljihun rigar sanyi ban sani ba. Mako na biyu da komawa sai malamar ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce yara sun addabe ta da wani wasan duwatsu, ko zan zo ranar Juma'a in nuna wa ajin yadda ake yi. Na je, na zauna a kan dardumar, yara ashirin da takwas sun zuba min ido. Ɗaya-ɗaya na wuce lafiya, biyu-biyu da ƙyar, a uku-uku dutsen ya faɗo min a goshi.

Da na ba Inna labari a waya, ta daɗe tana dariya, sannan ta ce, "Ke dama can ba ki iya ba. Ba ni ɗiyar in ji ko ta kai huɗu-huɗu."