Kafin katafila ta shiga filinka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar yau ta mai shirin gini ce.

Ka sayi fili da halalinka, Allah Ya sa albarka. Amma fa ka tarar da mazauna a wurin. Akwai sheƙa a bishiyar nan, akwai bushiya a cikin ciyawa, akwai kwaɗi a kududdufin da kake shirin cikewa. Aya ta 38 a Suratul An'am ta kira su al'ummomi irinmu. Mu kuwa da safiya ɗaya sai mu sa katafila ta share komai ƙal, ko ɗaga kai ba ma yi. Haba ɗan'uwa!

Kada ka ce ai filinka ɗan ƙarami ne. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birni suke a 2018, kuma za su kai kashi 68 a 2050. Fuloti-fuloti daji yake ƙarewa. Ɗan abin da ya rage titi da katanga sun yayyanka shi, dabba ta kasa kaiwa ga ruwa, ta kasa haɗuwa da 'yan uwanta su hayayyafa, har iri ya ɓace.

Idan sara ya zama dole, duba sheƙa tukuna. Yawancin ƙananan tsuntsaye kwanci mako biyu ne, renon 'ya'ya mako biyu zuwa uku. Wata guda kenan da 'yan kwanaki. Ba za ka iya jira ba? Ka tuna hadisin Abu Dawud, da sahabbai suka ɗauke wa tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata.

Bishiyar da ka bari ma, kada ka kashe ta a ɓoye. Saiwoyin da take sha da su suna sama-sama, cikin santimita 60 na farko, kuma sun bazu har sun wuce inuwarta. Ka haƙa tushen gini dab da gindinta, ko ka malale ta da siminti, ruwa da iska sun daina shiga. Ba nan take za ta mutu ba, sai bayan 'yan shekaru ta fara bushewa daga sama, ka ce ƙaddara ce.

Bar wani gefe na tsakar gida ƙasa zalla, don yawancin ire-iren ƙudan zuma a ƙasa suke rami. Ƙasan katanga a bar kafa santimita 13, ta ishi bushiya wucewa. Ramin da zai kwana a buɗe, jingina katako a ciki, abin da ya faɗa ya samu matakala. Gubar ɓera kuma a yi hattara, mujiya da shirwa suna cin ɓeran da ya sha, su ma su bi shi.

Don girman Allah, kafin ka ba direban katafila izini, zagaya filin nan da ƙafarka, ka ɗaga kai ka duba rassan.