Yaron nan ba daƙiƙi ba ne

An raba sakamakon jarrabawa makon nan, kuma na san a gidaje da yawa cikin Katsina dorina ta yi aiki. Shi ya sa na ce bari in yi magana, ko da wasu za su ce tallar sana'ata nake yi.

Aikina koyar da yaran da karatu ya gagara. Ina nufin yaron da ke zuwa makaranta kullum, idonsa lafiya, kunnensa lafiya, wayo har ya yi masa yawa, amma in ka ajiye masa layi ɗaya sai gumi ya karyo masa. Masana suna kiran abin disleksiya.

Bara warhaka wata uwa daga wajen Ƙofar Marusa ta kawo mani ɗanta mai shekara 11, ɗan aji biyar. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Malama, ga shi nan, kanshi ba ya ja. An yi lesin, an yi duka, an yi rubutun sha, makaranta ma sau biyu muna canza mashi." Yaron yana tsaye yana kallon silifas ɗinsa. A gabansa ta faɗa, kuma ko gezau bai yi ba. Ya saba ji.

Na buɗe masa littafin aji biyu, ya zuba karatu tiryan-tiryan. Uwar ta kalle ni da mamaki. Sai na rufe shafin da tafin hannuna, na bar kalma ɗaya tak a tsakiya. Shiru. Ashe hadda ce. Yaranmu gwanaye ne wajen hadda, kuma ita ce ke rufa wa matsalar asiri: malami ya faɗa, aji ya amsa, shi ma ya amsa da ƙarfi, a yi ta tura shi gaba har ranar da za a ce ya rubuta da kansa.

Na ajiye littafin, na jera murafun kwalbar lemo huɗu a kan tabarma. Na ce ya faɗi "baki", ya tura murfi ɗaya ga kowane sautin da ya ji. Ya tura biyu, ya tsaya. Na ce to cire sautin farko, me ya rage? Ya daɗe yana motsa leɓe, ya ce "baki". Nan gizo ke saƙar. Yana jin kalma dunƙule kamar curin fura, ba ya iya ɓarka ta zuwa sautuka, balle ya ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Mutane sun ɗauka juya b da d shi ne ciwon. A'a, yara da yawa suna yin haka a farkon koyo kuma su wuce. Tushen abin yana wajen sauti.

Kuma ba yau aka fara ganinsa ba. Cikin shekarun 1880 wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa masa sunan. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro mai shekara 14 da ke rubuta sunansa Percy a matsayin Precy, alhali malaminsa na cewa da a ce da baki kaɗai ake karatu, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga yaran da ke zama a tabarmata. Masana kan ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 10 cikin 100 suna da shi. Ka lissafa ajin da ke da yara 100 da malami ɗaya.

In faɗi gaskiya, ba duk yaron da bai iya karatu ba ne ke da disleksiya. Da yawa ba a taɓa koya masu yadda ya kamata ba ne kawai, kuma cikin wata uku sai ka ga sun tashi. Ni kuma ba likita ba ce. Kafin in karɓi yaro sai an duba idonsa da kunnensa a asibiti.

Inda muke yawan saɓawa da iyaye shi ne harshe. Da na ce da Hausa za mu fara, sai fuska ta canza. "Malama, kuɗi fa muke biya ya iya Turanci." Na sani. Amma rubutun Hausa yana da amana: abin da ka gani shi za ka furta. Yana da nasa tarko, ba na musu. Ga b da ɓ, ga d da ɗ, ga "gari" na zama da "gari" na tuwo duk rubutu ɗaya. Duk da haka ina aka haɗa shi da Turanci, inda ake rubuta knife a ce kada ka furta k, inda c ke da murya ɗaya a cat, wata a city, kuma babu wadda ta yi daidai da ta "ciki"? Yaron da ke fama da sauti, ka jefa shi cikin sautukan harshen da ba ya ji, ka ɗora masa kaya biyu a wuya ɗaya.

Hanyar da aka horar da ni a kanta ta samo asali daga aikin Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka: harafi ɗaya bayan ɗaya, yaro ya gani, ya furta, ya zana da yatsa, ba a wuce mataki sai ya zauna. Ranar da na fara koyonta dariya ta kama ni, don na tuna makarantar allo. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru, ga baki na faɗa, ga hannu na bin tawada. Kakanninmu sun san tsani ake hawa. Bulalar ce kawai na bar masu.

Da faranti cike da rairayi muka fara da yaron nan na Ƙofar Marusa, sau uku a mako, minti 40. Wata biyu muna kan haruffa takwas. Akwai ranar da ya kifar da farantin ya fashe da kuka, akwai ranar da ni ma na koma gida ina tambayar kaina ko na iya aikin nan. Iyaye kan tambaye ni yaushe zai warke. Ba zazzaɓi ba ne. Da shi zai girma, karatunsa zai fi na 'yan'uwansa jinkiri, amma zai karanta. Addu'a kuwa ban taɓa hana kowa ba, ni ma ina yi masu. A yi ta, a kuma kawo yaro kan lokaci.

Cikin wata na bakwai mahaifinsa ya zo ɗaukarsa da kansa, wani ɗan kasuwa mai shago a babbar kasuwa. Ya ce jiya yaron ya tsaya bayan wata a-daidaita-sahu yana haɗa baƙi, har ya karanta "Allah ya kiyaye hanya". Na yi masa bayanin cewa abin yakan bi jini a dangi. Ya yi shiru, ya tura yaron ya jira shi a wajen mashin. Sannan ya rage murya.

"Malama, ni fa ban taɓa amsa saƙo da rubutu ba, sai dai murya. Yaron shagona ke karanta mani rasit. Aji huɗu na gudu, duka ya ishe ni."

Ya juya makulli a hannunsa, ya tambaye ni ko akwai lokacin da yara ba sa nan. Na ce Asabar bayan la'asar.